Zaren da Ke Jikin Zoben Yaya

Shekarun baya, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, mahaifiyata ta tura ni hutu daga Birnin Kudu zuwa gidan yayata a Gwaram. Abin da na fara gani da na shiga shi ne zobenta. Zoben azurfa ne da Inna ta ba ta, wanda a da sai an sa sabulu yake fita. Yanzu ta naɗe bayansa da baƙin zare don kada ya zame.

Ban tambaya ba. Ni ko a aji aka kira sunana sai na fara waiwayawa, ko da wata ake.

Inna ta ce in je in taya ta aiki saboda "ba ta jin daɗi". A gidanmu haka ake faɗin ciki. Yaya ta shekara uku da aure ba haihuwa, sai al'adarta ta ɗauke, wata ya bi wata. Surukarta, Hajiya, ta hana ta daka da jan ruwa. Ba wanda ya tambaye ta kai tsaye, ita ma ba ta ce komai ba, don cikin fari da kunya ake rainonsa. In ta ture kwano sai a ce laulayi ne. Da watanni suka ja ba abin da ya fito, Hajiya ta ce cikin ya kwanta ne, kamar yadda nata ya taɓa yi, aka fara karɓo rubutu don a tashe shi.

Ni kuwa ina kallo. Da safe Yaya takan sha ruwan ɗumi da lemon tsami, sai wani koren shayi da wata ƙawarta ke aiko mata daga Kano. Da rana gurji ɗaya. Tuwon da Hajiya ke aiko mata kuwa, sai ta leƙa tsakar gida, in ba kowa ta juye wa akuya. Ban taɓa ganin akuya mai sheƙi irin wannan ba.

Wata rana ina mata tsifa na ce, "Yaya, ba kya jin yunwa?"

Ta yi dariya. "Ke ba ki san yadda nake a da ba? Ranar bikina aka sa hotona a waya, wata ta rubuta wai amarya ce ko uwar amarya. Shi ma Malam in ya ɗauko ni a babur sai ya ce tayar baya na neman agaji." Malam mijinta ne, yana koyarwa a Islamiyya. Ta ce, "Da wasa yake faɗa. Amma na ji."

Da hutuna ya ƙare Malam ya ce tunda za a mai da ni gida, a biya asibiti a duba kwantaccen cikin nan. Ni aka ba riƙon jaka, shi ya sa na shiga ɗakin likitar tare da su. Mace ce, ba ta da gaggawa. Bayan an yi hoto da gwaji ta ce, "Babu ciki. Ba kwanciya ya yi ba, dama babu."

Yaya ta ƙura wa zobenta ido, tana juya shi.

Likitar ta kalli wuyan hannunta ta ce, "Me kike ci?"

"Komai ina ci."

Har yau ban san inda na samo bakin ba. Ina kallon ƙasa na ce, "Akuya take ba."

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce jikin mace in ya daɗe ba ya samun abin da zai ishe shi, yakan dakatar da al'ada, don bai ga abin da zai ciyar da wani da shi ba. Ta ce Yaya ta bar shayin, ta koma cin tuwo da wake da ƙwai da zogale, a ga abin da Allah zai yi, kuma ba alkawari take yi ba.

Daga asibiti muka kama hanya. Sai da muka kusa gidanmu Malam ya ce, a hankali, "Ashe ni da akuya muka haɗu muka cuce ki." Yaya ta yi dariya tana share ido.

Ba nan da nan aka ga sauyi ba. Akuyar ma ta riga ta, ta haifi 'ya'ya biyu, abin da Hajiya ba ta gajiya da faɗa. Sai da zaren ya bar zoben, aka sake daɗewa, sannan Allah ya kawo ɗiya mace.

Na san ba kowane jinkiri ne daga abinci ba, haihuwa ta Allah ce. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, gida cike da masu sonta, kowa na ganin tana ramewa, kunya ta hana a tambaye ta. Yanzu in na ga ƙawayena a makaranta suna ƙin karin kumallo don kada siket ya matse su, hannunsu nake fara kallo.

Ranar suna, ƙawar nan ta Kano ta zo. Ta rungume jaririyar, sannan ta daki cikin Yaya da wasa ta ce, "To maijego, wannan tumbin fa? Da kin yi arba'in zan aiko miki da shayin."

Da ta tashi tafiya na ɗauki jakarta na raka ta har zaure. Na miƙa mata jakar na ce, "Anti, don Allah kada ki aiko. Ki bar mana ita haka."