Kayan Amaryar da Na Tura Ƙarƙashin Gado

A shekarun da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ni matar aure ce a Ƙaura Namoda, ina ɗinki a cikin gida da keken da mahaifina ya saya mini. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, kuma sanin hakan ya shiga kaina. Katanga ɗaya ce tsakanina da wata maƙwabciyata, ita ma tela. Ba ta taɓa yi mini komai ba, amma da na ji ƙarar kekenta sai raina ya ɓaci.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kowace mace ta tashi neman hijabi, har waɗanda a da mayafi kawai suke yafawa. Aiki ya yi mana yawa. Maƙwabciyar tawa tana da wata ɗabi'a da nake yi wa kallon girman kai. Duk wadda ta kawo mata ɗinki sai ta tambaye ta ranar da za ta sa shi. Wanda ranarsa ta fi kusa shi take fara yankawa, in kuma ta ga ba za ta iya ba, sai ta ba mace haƙuri ta mayar mata da yadinta. Duk da haka ita ake yabo a gidan suna da gidan biki, kuma wannan yabo ya hana ni sukuni. Na ƙudurta duk wadda ta mayar ni zan karɓa, don dai a ga takalma sun fi yawa a ƙofar ɗakina.

Ana cikin haka ƙanwar mijina ta zo daga Badarawa da kayan lefen ɗiyarta, atamfofi da leshi. Ta ce bikin sai bayan girbin gero, kuma ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Na ce ta kwantar da hankalinta, akwai lokaci. Na tura kayan ƙarƙashin gado na koma kan hijabai, saboda hijabi nan da nan ake gama shi, kuma ina son maƙwabciyata ta riƙa jin mata suna fita daga gidana suna godiya. Kullum in ce gobe zan taɓa kayan amarya, sai wata ta shigo da yadi ta ce daga can aka mayar da ita, ni kuwa in karɓe hannu bibbiyu.

Ban farga ba sai ranar da ƙanwar mijina ta yi sallama, ɗaurin aure ya matso, ta ce ta zo karɓa. Ko almakashi ban sa wa kayan ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta tambaya ko wani laifi suka yi mini. Sannan ta naɗe kayanta ta fita, ina jin sallamarta a gidan maƙwabciyata. Maƙwabciyar tawa kuma ta ba masu hijabai haƙuri, ta fitar wa yarinyar abin da za ta sa ranar biki. Sauran haka aka kai su ɗakin amarya babu ɗinki.

Na je bikin don kada a ce ban je ba. Mata suka yi ta zuwa inda nake zaune suna sa mini albarka, wai ɗinkin amarya ya fita, don kowa ya san ni aka kai wa. Ƙanwar mijina tana gefe tana ji. Ni kuwa na karɓi yabon, ban ce ba ni ba ce. Abin kunyar ma, ko a lokacin ƙare wa rigar kallo nake yi ina neman inda ta karkace, ban kuwa samu ba.

Na daɗe kafin na yarda cewa abin da maƙwabciyata ta fi ni shi ne sanin aikin da za a fara, ni kuwa hassada ce take zaɓar mini nawa kowace safiya. 'Yan'uwana masu sana'a, kafin ku zauna kan aiki ku tambayi kanku wa zai fi cutuwa in ba a gama nasa ba, ku fara da shi, ku daina leƙen ƙofar wani. Amaryar nan yanzu ita ma aurar da 'ya'ya take yi. Tana zuwa har ɗakina ta durƙusa ta gaishe ni, ga kekena tana gani, amma ɗinkinsu wani wuri take kaiwa.