Kuben da Bai Shiga Wanki Ba

Maigidana mutum ne mai tsoron allura, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kai wa mahauci, amma da ya rasu kabad guda ya bar mini cike da bindigogi. Ba na gaske ba ne. Libarba ne na kwaikwayo, irin waɗanda 'yan sandan ciki ke riƙewa a tsofaffin wasannin talabijin na Turawa, bakinsu a toshe da ƙarfe, ko sauro ba za su kashe ba. Sai dai in ka ɗauki ɗaya ka ji nauyinta, ka ga sheƙinta, sai wanda ya sani ne zai ce ta wasa ce. Kowacce da kubenta na fata, wani na ɗamara, wani na ratayawa a hammata.

Haifaffen Madina ne, ɗan ƙasa, kakanninsa ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Ni kuwa daga Kano aka kawo ni, ina zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunansa. A matatar mai ta Yanbu yake aiki, sai ranar Laraba da yamma yake dawowa gidanmu da ke unguwar Aƙiƙ a Madina. A can Yanbu ya kamu da wannan cuta ta tara bindigogi. Duk Baturen da ya gama aiki zai koma gida, sai maigidana ya bi shi da saƙo, wata da watanni sai ga shi ya shigo da kwali yana murmushi har kunne. Na yi mita har na gaji, daga baya na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ce ranar sarautarsa. Ya tuɓe tob, doguwar rigarsa ta Larabawa, ya rage daga shi sai singileti, ya rataya kuben hammata da 'yar gajeriyar libarbarsa a ciki, ya zauna gaban bidiyo shi da ɗanmu. Yana kallo yana bayani, wannan irin ta mai ƙaton gashin bakin nan ce, waccan irin ta wanda ke bin ɓarayi a kan rufin gidaje ce. Gumi yana tsatsafo masa, fatar tana sha. Ni kuma in shigo da tire in ce, "Ranka ya daɗe, Sufeto, ga shayi. A yi mana afuwa, ba mu saci komai ba." Sai ya ɗaure fuska ya ce zai duba lamarina.

Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki, a wata Litinin. Yaron yana da shekara goma sha uku lokacin. Shi kaɗai Allah ya ba mu, kuma ɗan fari, don haka ko sunansa ba na kamawa.

Surukata, Hajiya, ita ke zaune a ƙasa, mu muna sama. Tsohuwa ce mai riƙon al'ada da hannu biyu, har wadda a Kano ma aka fara mantawa. Kwana uku da rasuwar ta hau sama da mata biyu, suka kwashe duk kayan sawarsa, tob da singileti da hula da zanen gado har da rigar matashin kai. Aka wanke tas, aka goge, aka rabar sadaka. Ta ce haka ake yi, ladan ya isa gare shi da wuri. Ni kuwa a lokacin ko yatsa aka sa mini a baki ba zan ciza ba. Ta kuma ba ni wata 'yar wuƙa ta ce in riƙa yawo da ita har in fita takaba. Matar wani ɗalibin jami'a da ta zo gaisuwa ta raɗa mini cewa wannan ba ya cikin littafi. Na ce mata na sani, amma ba da littafi nake zaune a gida ɗaya ba.

Haka na shiga wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba turare, ba fita. Tagoginmu masu duhun gilashi ne, a sama suke, sai na yi ɗage nake hango wutsiyar titi. Wan maigidana ya karɓi iƙamata ya ce zai je a gyara, tunda wanda take ƙarƙashinsa ba ya raye. Duk sanda na tambaya sai ya ce, "Bukra, in sha Allah." Wannan goben tasa ta ƙi wayewa. Na tsani bangon gidan nan, na tsani ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, har muryata na tsana. Yaron kuma ya yi shiru. Da ma can in na yi masa Hausa da Larabci yake mayar mini, yanzu Larabcin ma ya koma "ɗayyib" da "ma adri", wato to da ban sani ba.

Shekarun nan ne da aka tsananta tsaro a gari. Shingen bincike a ko'ina, akwai ɗaya a bakin gadar kwarin unguwarmu, ba nisa da mu, jami'ai riƙe da manyan bindigogi. Wan maigidana ya tsaya gaban kabad ɗin nan ya ce mini, "Ki ji da kyau. Ko ɗaya kada ta leƙa ƙofar gida. Yanzu ba lokacin da za a tsaya tambayar mutum ta wasa ce ko ta gaske ba ne." Na kulle kabad, na ɗaure makullin a bakin zanena. Abin da ban kulle ba shi ne kuben hammatar, da gajeriyar libarbar a cikinsa. Yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinmu, inda mai shi ya bar shi a Alhamis ɗinsa ta ƙarshe, ni kuma na kasa taɓa shi.

Wata Alhamis, takabata ta yi nisa, na idar da la'asar na tura ƙofa, sai na ga ƙusa tsirara. Na kira yaron, shiru. Na duba banɗaki, na duba saman bene, takalmansa ba sa nan. Na buga wa wan maigidana waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Abu ɗaya nake gani a idona, yaro baƙar fata dogo, ya doshi shingen nan, wani abu ya turo tob ɗinsa a hammata.

Na zura abaya na sauko. Hajiya tana zaune a kan darduma a soro, da carbinta.

"Ina za ki da takaba a kanki?"

"Hajiya, jikanki ya fita da bindigar babansa."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "A aika wani."

"Wa za a aika? Daga ni sai ke a gidan."

"To iƙamarki tana ina? In suka tare ki ba takarda, suka sa ki a jirgi, wa zai riƙe shi? Ni da ƙafafun nan?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji kamar in shaƙe ta. Gaba kura, baya siyaki. Na tsaya riƙe da marfin ƙofa, ina jin haushin mamacin da ya tara wannan tarkace, ina jin haushin kaina da na bar ƙusar nan. Sai na tuna wuƙar tana hannuna. Ɗa da bindiga, uwa da wuƙa, ai mun gama haɗa wa kanmu shari'a. Na ajiye ta a kan dardumar Hajiya, na buɗe ƙofa.

Hasken waje ya soke mini ido. Na nufi wajen gada ina haɗa hanya kamar wadda ta tashi daga jinya. Ban yi nisa ba na zo lungun da ke bayan gidanmu, inda aka ajiye motar maigidana tun da abokan aikinsa suka dawo da ita, an lulluɓe ta da tamfol. Sai na ga an yaye tamfol ɗin ta gaba. Yana ciki, a kujerar direba, hannuwansa a kan sitiyari.

Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Ina zama sai ga motar sintiri ta 'yan sanda ta shigo layin a hankali, ta tsaya daidai bakin lungun. Ban san sanda na zura hannu ta wuyan tob ɗinsa ba. Na zaro libarbar na cusa ta ƙarƙashin abayata, na danne ta da cinya. Sanyin ƙarfen har cikin ƙashina.

Ɗaya daga cikinsu ya sauko, saurayi ne, ya yi sallama ya leƙo ta tagar yaron. Ya tambaye shi da Larabci ko lafiya, me yake yi a mota. Na sunkuyar da kai ina karanta duk abin da ya zo bakina. Yaron ya ce motar babansa ce, Allah ya jiƙansa. Ɗan sandan ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, ya yi mana ta'aziyya, ya ce wa yaron ya kula da mahaifiyarsa. Bai tambayi takarda ba. Suka ja motarsu suka wuce.

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce masa so yake ya kashe ni, so yake a harbe shi a titi saboda ƙarfen banza, maraicin uba bai ishe shi ba sai ya haɗa da na uwa. Na ɗaga hannu zan kai masa mari. Bai kauce ba. Ya sa hannu ya kwance maɗaurin, wanda ya yi masa yawa har ya ƙulle shi sau biyu, ya zaro kuben ya miƙo mini.

"Ummi, ba bindigar nake so ba," ya ce da Larabci. Sai ya nemo Hausarsa da ƙyar. "Kun wanke komai. Wannan kawai yana warin Baba."

Na kai fatar hancina. Gumi ne, da turaren itacen da yake shafawa, da man da yake goge ta da shi. Shi ne, kamar yanzu ya tashi daga gaban bidiyo. Tun ranar rasuwar nake kuka irin na gaban mutane, amma a motar nan na yi na gaske, har yaron ya riƙe mini kafaɗa. Muka daɗe zaune, ba makulli a hannunmu, kuma cikinmu babu wanda ya iya tuƙi.

Da rana ta yi sanyi muka koma. Na shirya wa faɗan Hajiya, na tanadi amsoshina tun daga lungu. Muka same ta a tsaye a bayan ƙofa, ita da ba ta iya doguwar tsayuwa. Ta shafa kan jikanta, ta shafa fuskarsa, sannan ta miƙo mini wuƙata.

"Ni ban ga wanda ya fita ba," ta ce. "Hau sama."

Ban hau ba. Na zaro libarbar na ajiye a ƙasa, na ce gobe ɗanta, wan maigidana, ya zo ya kwashe su duka, ya san inda zai kai su. Kuben kuwa na ce yana nan, ba mai taɓa shi. Ta tambayi dalili, na gaya mata abin da yaron ya ce, ban rage komai ba, kuma da gayya na faɗa, ina so ta ji zafinsa.

Ta koma kan dardumarta ta zauna. Can ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ba ni nan."

Ta riƙe shi da hannu biyu ta kifa fuskarta a kai. Na ji tana cewa, can ƙasa-ƙasa, da ta sani da ta bar ko hula ɗaya. Duk gayyar da na zo da ita ta zube, na zauna kusa da ita, yaron ya zauna ta ɗaya gefen. A duk zamana da Hajiya, ranar ce kaɗai na ga an kira magariba ba ta miƙe ba.