Goruba takwas da na gaigaye

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Ari magini, shekara goma sha tara kuma da na zauna a bakin kwari na gaigaye goruba takwas da ba nawa ba. Na yi wauta iri-iri a duniya. Na taɓa sayen jaki mai ido ɗaya a kasuwar Gidigir da rana tsaka, ban lura ba sai da muka iso gida. Amma waccan dariya aka yi mata ta wuce. Wannan ita ce ta biyo ni har tsufa, kuma yau ne karo na farko da nake faɗinta.

Ari ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka tun muna yara ba ma raga wa juna. Shi bai taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko. Ni na yi shekara uku kafin a gane zamana can ɓarnar alli ne, a sallame ni. Shekarun nan uku su suka sa yake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, har ya koma ga Allah, ni kuwa wawa ina jin daɗin sunan.

A Gure ta wancan lokacin, duk mai son katangar da za ta ga jikokinsa Ari yake nema. Ba ya rubutu. Igiya gare shi mai ƙulli-ƙulli. Sai ya bi fili da ita, ya san tubali nawa za su kwanta a sahu ɗaya, ya tambayi tsayin da ake so, ya durƙusa ya yi 'yan zane-zane a rairayi, ya miƙe ya faɗi adadi. In an gama ginin, abin da zai rage bai wuce a yi wa kaji akurki ba. Sunansa ke nan, kuma ba shi da wata dukiya bayan sunan.

A shekarar da nake magana, dattawan unguwarmu suka ce a kewaye maƙabarta, don awaki da jakai sun mai da ita hanya. Aikin gayya ne. Ari zai yi gini, matasa su kwaɓa laka su buga tubali a kwari, ni kuma, da yake na yi boko, aka ba ni ƙirga. Bayan ya gama awo sai ya miƙo mini 'yar jaka, a ciki tsakuwa tamanin da goruba takwas.

"Mushe, duk ɗari da aka buga ka jefar da tsakuwa ɗaya. In tsakuwa ta ƙare, ka shiga goruba. Ita ma kowace ɗari ce."

Na ce to goruban na mene ne, tunda da bakinka ka ce dubu takwas katangar za ta ci?

"Dubu takwas katanga za ta ci. Ɗari takwas kuma ƙasa za ta ci. A wurinta ka aro, sai ta karɓi nata. Amalanke zai fasa, hannu zai saki, kusurwa sai an sare rabi. A kan kowane goma a ɗora ɗaya. Mushenku bai koya muku ba?"

Na ce mu a lakwal takwas takwas ce, ba ta da jela. Ya yi dariya ya tafi.

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Mun shafe kusan wata biyu a kwarin nan. Bazara ta shigo, rana tana dukan ƙeya, matasa sun fara gunaguni, kowa hankalinsa ya koma sharar gona. Ranar da na jefar da tsakuwa ta ƙarshe, na leƙa jaka na ga goruba, na ɗaga kai na ga fuskokin mutane. Na ce a raina, wannan ƙarin ai tsoron tsoho ne kawai, in aka ɗauka a hankali me zai fashe? Sai na miƙe na ce, "Jama'a, aiki ya cika." Aka yi ta sa mini albarka. Na koma inuwa na gaigaye goruban ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina mai wayo. Da Ari ya tambaya ko jaka ta ƙare, na zazzage masa ita. Ban yi ƙarya da baki ba. Da wannan nake lallashin kaina shekara da shekaru.

Ƙasa kuwa ta karɓi nata, ba ta yafe ko ɗaya ba. Hanyar kwari zuwa maƙabarta akwai gangare, kowane sawu sai an sauke fasassu. Yayyafin farko ya zo da wuri ya narkar da na saman tsibi. Ari yana gini yana duban tsibin yana raguwa, na ga ya daina waƙar da yake yi a kan katanga. Tubali ya ƙare saura taku talatin da 'yan kai ta gabas. A lokacin ruwa ya sauka sosai, kwari ya cika, ba wurin buga wani, ba ranar shanya shi.

Dattawa suka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Liman ya juyo ya ce, "Habu, kai ke da ƙirga. Me ya faru?" Na ce, "Abin da magini ya faɗa shi muka buga." Duk ido ya koma kan Ari. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da yake yi wa bango in yana neman inda ya karkace. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Aka jawo ƙaya aka toshe giɓin, da niyyar in rani ya zo a ƙarasa. Gayya kuwa ba ta taruwa sau biyu a kan abu ɗaya. Magana ta bazu cewa idon Ari ya tsufa. Wanda zai gina shago sai ya ce bari ya nemo masu mita da takarda. Masu tsokana suka riƙa tambayarsa ko a ƙara masa igiya. Ni ma, don kada a zarge ni, na taya su, har na fi su iyawa, tunda taubashi ne kuma an san bakina. Aikinsa ya koma yaɓe da gyaran bangon da damina ta ci. Shekara bakwai ya yi a haka. Kusan kowace Juma'a ina gidansa, mu sha shayi, in ba shi dariya, in tashi.

Yanzu in na zaga gari ina tunanin abin da zai ce. Bulon siminti ya cika ko'ina, maginan yau a wayar salula suke lissafi, kafin ka ƙifta ido sun ba ka adadi. Bara na tsaya kallon wani yana yi wa maƙwabcina awo, na ji ya ce a ƙara kaza a kai saboda fashewa. Maigidan ya ɓata rai, ya ce wannan ƙarin na mene ne? Na buɗe baki zan ce masa ya bi maganar magini, sai na tuna ko ni wane ne, na ja sandata na wuce. Ina jin da Ari yana nan ba zai yi wa salular gardama ba. Zai dai ce ita ma ta san ƙasa tana da rabo, saura masu ita.

Gine-ginensa suna nan. Akwai waɗanda aka rushe don a yi na zamani, kuma masu rushewar sun sha wuya. Katangar maƙabarta ta ga damina goma sha tara ba ta tsage ba. Amma ba wanda ke cewa ga katangar Ari. Giɓin Ari ake cewa, har waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa, in suna kwatance, sai su ce ka bi ta giɓin Ari. Ƙayar ta ruɓe an sake ta ban san sau nawa ba. Rairayi yana shigowa ta nan, awaki ma haka. Shi kansa yana kwance a ciki, ba nisa da wurin. Mutum ya yi shekara arba'in yana cika lissafi, abin da ya rage a bakin mutane shi ne wuri ɗaya da bai cika ba, kuma ba shi ya rage shi ba. Dattawan da ya kamata su ji wannan duk sun bi shi. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi nauyi.

Ranar sadakar arba'in ɗinsa, bayan mutane sun watse, na shiga yi wa matarsa Fanna sallama. Tana tattara kwanuka a tsakar gida. Na fara 'yan maganganuna na a yi haƙuri, ta ce in zauna. Ta ce washegarin taron masallaci Ari ya ɗauki igiyarsa ya bi katangar sahu-sahu, ya ƙirga na cikin gini, ya ƙirga tarin fasassu, ya dawo ya gaya mata tubalin goruba takwas ba a buga shi ba. Ta ce masa ya je ya faɗa wa Liman. Ya ce a'a, Habu ɗan gwaggonsa ne, da bakinsa zai zo ya faɗa.

Ta ɗora kwano a kan kwano, ba ta dube ni ba, ta ce, "Duk Juma'ar da ka zo ka tafi, Habu, sai ya naɗe tabarma ya ce, to, ba yau ba ce."