Ranar da Na Tsallake Sale

Wata ranar Juma'a ce, a daminar da na shiga aji uku. Mun taso daga makaranta a Toranke, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, Inna tana ta ƙwala mini kira in zo in kwashe shanyar kuɓewa. Ƙanina Sale, wanda bai daɗe da yaye ba, yana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ni kuwa na shigo a guje, na ɗaga ƙafa na tsallake shi. Ban kai ga shanyar ba na ji saukar sanda a gadon bayana. Baffa ne, wan mahaifinmu, shugaban gandun gidan, wanda rumbu da gona duk suna hannunsa, mahaifinmu ko ido ba ya iya ɗaga masa.

"Kin gama da shi," ya ce. "Yaron da aka tsallake ba ya girma."

Aka sa na sake tsallake shi da baya don in warware, ina kuka, ruwa yana dukan kuɓewar. Amma Sale bai girma ba. Cikinsa ya turo gaba, gashinsa ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Sa'anninsa suka fara bin awaki jeji, shi yana raɓe a jikin katanga. Duk baƙon da ya tambayi abin da ke damun yaron, sai Baffa ya nuna ni da haɓa, ya ce ai warwarar ba ta karɓu ba. Ni ma na yarda. Na daina 'yar gala-gala, na daina carafke, in na dawo daga ɗiban ruwa sai in zaunar da Sale in riƙa ja masa ƙafafu ko Allah zai sa su miƙe. Har a jikin rumbu nake tsayar da shi in zana da gawayi, kaka ta zagayo zanen yana nan kusan inda yake.

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin an bar jaki ana dukan taiki. Da Inna ta samu ciki, Baffa ya ce nonon ya lalace, aka cire yaro yana rarrafe. Daga nan aka tura shi akushin maza, cikin ƙartin 'ya'yan Baffa masu hannu kamar faranti. Tuwon dawa da zafi, miyar kuka tsararo, kafin Sale ya hura loma ɗaya sun suɗe akushin. Waken da muka roro da gyaɗar da muka tsinke har yatsunmu suka yi kanta, a amalanke suke tafiya kasuwar Gaya. Zabi suna zuba ƙwai a bayan danga, amma wai "ƙwai yana koya wa yaro sata", don haka Baffa ne yake ɗaukar wa gidan wannan haɗari, a soya masa da man shanu ya ci a zaure. Ruwan sha na kududdufi ne, inda shanu suke shiga. Sale bai taɓa rabuwa da gudawa ba, in ta lafa zazzaɓi ya karɓa. Duk wannan a idon dattijo mai gemu aka yi, amma ƙafar 'yar aji uku ya gani.

Sai da na haifi ɗan farina, na je awo, na ji malamar asibiti tana lissafa abin da ke tsumburar da yaro: yaye da wuri, abincin da ba ya gina jiki, tsutsar ciki, ruwa marar tsabta, yawan ciwo. Ta ce tsawon da yaro ya rasa a farkon rayuwarsa da wuya ya dawo. Na tambaye ta tsallake fa, ta yi dariya. Ni ban yi ba. Baffa ya riga ya rasu, an ce in yafe, na ce sai dai Allah ya yafe masa.

Yanzu garin ya canza. Akwai famfon tuƙa-tuƙa, mata suna kai yara awo, ana dama musu kunun gyaɗa da waken suya. Ina kewar damina irin ta da, da ƙanshin ƙasa, da wasannin da na bari ban ƙoshi ba. Sale ya yi aure, yana ɗinki a Ajingi, kansa bai wuce kafaɗata ba. Na yi masa wannan bayani ya fi a ƙirga, yana cewa haka ne. Amma da sallar bara na shiga gidansa, 'yarsa tana kwance a tsakar gida, ina matsowa ya yi wuf ya ɗauke ta.

"Yaya, bi ta can," ya ce, yana murmushi.

Na bi ta can ɗin.