Gwaggo Badriyya da Kwamfutar da Ke Mutuwa Ran Lahadi

Gwaggo Badriyya yayar mahaifina ce, kuma a gidanta na ƙarasa girma, don tun ina aji biyu a sakandare aka ce in koma can in riƙa taya ta zama. A danginmu ni ake tambaya idan an manta shekarar da wani ya yi aure ko ranar da wani ya rasu, saboda ina rubutawa. To ga nata labarin, tun kafin a fara ƙara masa gishiri.

An haife ta a ƙauyenmu da ke kudu da birnin Fayyum a ƙasar Masar, a nan ta yi aure, kuma in ban da kwanciyar asibiti sau ɗaya ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Mazan gidanta ne matafiya. Mijinta Abduttawwab, Allah ya jiƙansa, ya tafi Iraƙi aikin gini lokacin ɗansu Ragab yana da shekara huɗu. Shi ba ya rubutu, ita ba ta karatu, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai dawowa gida. A ƙarshen kowane kaset yakan ce yana nan tafe Sallah mai zuwa. Shekara uku ana haka, sannan kaset ya daina zuwa. Wata bakwai tana fita tasha tana tambayar duk wanda ya sauko da jaka, kafin gawarsa ta iso cikin akwati.

Da kiwon agwagi da cukun da take kaiwa kasuwar Talata ta raini Ragab. Da ya kai ashirin da biyu, shi ma ya bi samarin ƙauyenmu ta Libiya, ya hau kwalekwale zuwa Italiya. Allah ya kai shi lafiya, ya kama aikin filasta a Milano.

A shekararsa ta shida a can, cikin hunturun 2009, ya sa aka sayo mata kwamfuta a birni, aka jawo mana wayar intanet ta kan rufi kamar yadda aka yi wa sauran gidajen layinmu. Ranar da aka kawo ta Gwaggo ta daɗe tana kallon baƙin akwatin nan, sannan ta aika a kira kafinta. Abu mai daraja dai wurinsa ɗaya ne a gida: nish, kabad ɗin gilashin da ta shigo gidan miji da shi, inda kofunan da ba a taɓa shan shayi da su ba suke jere shekara talatin. Ta kwashe faranta daga ɗakin ƙasa mai ƙofar katako, kafinta ya huda bayansa don wayoyi su fita, aka zaunar da akwatin a ciki. Kafin sati ya zagayo ta ɗinka masa riga da ragowar bargon auduga, har da kwalliyar zare a baki. Allon da kyamara kaɗai aka bari a waje bisa ɗan tebur. Idan za a yi magana sai in buɗe ƙofar in danna, ita kuma ta mayar ta rufe ta murɗa makulli. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ni ma na yaba.

Lahadi ce ranar hutun Yaya Ragab, saboda haka Lahadi bayan la'asar ta zama ranarmu. Gwaggo takan yi wanka, ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa, ta zauna a miƙe kamar za a ɗauke ta hoto. Kuma hirarta tsari gare ta, ba ta tsallake komai: gaisuwa, lafiyar jikinsa, waɗanda suka rasu, waɗanda suka haihu, agwagi, sannan saƙon gaisuwar maƙwabta gida-gida.

Duk hunturu lafiya lau. Cikin watan Mayu, da zafi ya fara shigowa, ta ce mini ta gaji da kunya, yau za ta tambaye shi ranar dawowarsa. Ta bi tsarinta har ƙarshe, ta gyara mayafi ta ce, "To, Ragab, ɗana..."

Allo ya yi baƙi. Ƙarar da ke fitowa daga cikin nish ta ɗauke ɗif.

Na sake kunnawa, ko fuskarsa ba ta gama fitowa ba ta ƙara mutuwa. Lahadi ta biyu haka, daidai wurin nan. Ta uku ma haka. A ta huɗu Gwaggo ba ta ce a sake kunnawa ba, ta tashi ta cire rigar unguwa ta ninke.

"Shi ke kashewa," ta ce.

"Haba Gwaggo! Daga Milano?"

"Shi ya saye ta, shi ya san kanta. Ke da kika yi boko, gaya mini: me ya sa ba ta mutuwa a kan agwagi?"

Yaya Ragab ya kira a wayar hannu yana rantsuwa, ta ce masa, "Na sani, ɗana, na sani," da muryar da ake sallamar mai talla. Na ce mata ga shi a waya, ta tambaye shi mana. Ta girgiza kai.

"Murya tana ƙarya, Shaima'u. Na sha ta a kaset. Idonsa nake so in gani."

"To ranar Lahadi ki fara da tambayar."

"Ba gaisuwa ba komai? Ni 'yar sanda ce?"

Daga nan na shiga neman laifin inji. Na sauya soket. Na ɗauko sitabilaizar firjin gidanmu, mahaifiyata tana mita, na haɗa, a banza. Na cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya na hure su na mayar. Maƙwabciyarmu Ummu Sayyid, wadda ba a yin komai a layin ba da ita ba, ta shigo ta tsaya hannu a ƙugu.

"Ido ne, wallahi ido ne. Kin bar kowace mai baƙin ciki ta shigo ta gani." Ta zagaya nish da kaskon turare sau bakwai, ta rataya shuɗin dutse a makullin. Tana fita ta waiwayo. "Amma fa Badriyya, in ba ido ba ne, ki bincika. Yaran nan in sun samu jar mace can, uwa sai ta zama ciwon kai."

"Naki da ke gida me ya tsinana miki?" in ji Gwaggo. Ta mayar da martani dai, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

Ranar Laraba na ɗauki akwatin zuwa birni. Gwaggo da kanta ta tuɓe masa riga kada ƙurar hanya ta ɓata ta, na rungume shi a cikin mota kamar jariri. Usta Milad mai gyara dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya kwance murfin, ya hure ɗan abin da ya gani, ya ɗora shi a kan tebur ƙarƙashin fanka ya kunna. Tun hantsi har la'asar inji yana aiki, ko tari bai yi ba.

"Lafiyarta ƙalau, 'yata. Ta fi ni lafiya, ni da ke shan magani uku. Ki gaida Hajiya."

Da na kawo wannan labari gida na ɗauka albishir ne. Gwaggo ta mayar wa akwatin rigarsa, ta ɗaure igiyoyin a hankali, ta rufe ƙofa.

"Kin ji ko? Inji ba shi da laifi."

Lahadin da ta biyo kwamfutar ta sake mutuwa, sai Gwaggo ta ce ta gama. Wanda ya gaji da ganinka, ka hutar da shi. Lahadi biyu ni kaɗai na zauna gaban allo, Yaya Ragab yana leƙen bayana yana tambaya, "Tana ina?" ni kuma ina cewa tana wajen agwagi. Tana nan bayan labule, ina jin numfashinta. A waɗannan makonni ta tsufa a idona. Ta daina zuwa kasuwar Talata, ta ce ƙafa. Cuku ya yi tsami a tukunya.

Ni kuma na gaji, gajiyar da mutum ke ji idan ya tsaya tsakanin mutum biyu da yake ƙauna yana yi wa kowanne ƙarya. Sai na koma ga abin da na iya, wato rubutu. Kullum in kunna kwamfutar ni kaɗai, ba kiran kowa, in duba agogo, in rubuta. Da safe takan yi minti arba'in. Bayan azahar, sha biyar. Bayan la'asar, kusan ashirin, tsawon gaisuwar Gwaggo ke nan daga farko zuwa maƙwabta. Na nuna mata.

"Ga ta ta mutu, Gwaggo, shi kuwa yana kan tsani yana filasta. Yanzu ma shi ne?"

"Wa ya sani," ta ce, amma ta kalli littafin, ita da ba ta karatu.

Na kira Usta Milad na karanta masa lissafin lokutan. Sai ya ce, "A ina take zama a gidan?"

"A nish."

"A kan nish?"

"A ciki. Ɗakin ƙasa."

"Ƙofa a buɗe dai?"

"A rufe, Usta. Da makulli." Na ɗan tsaya. "Tana da riga kuma. Ta bargo."

Na ji ya ajiye kofin shayinsa. "'Yata, tsakaninki da Allah, ke in aka naɗe ki a bargo aka kulle ki a kabad cikin watan Yuli, minti nawa za ki yi? Abin nan numfashi yake. Akwai ramuka a bayansa da gefensa, ta nan yake fitar da zafi. In zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa kada ya ƙone. Ke ce ta uku a bana. Ɗaya ma a cikin akwatin kayan aure ta sa tata."

Na je na buɗe ƙofar bayan ta mutu, na zura hannu ƙarƙashin rigar. Kamar na taɓa bakin tanderu. Wata shida ina danna maɓallin nan ta ɗan ramin da Gwaggo ta bar masa a riga, ban taɓa tsayawa na taɓa jikinsa ba.

Kada a ɗauka ta yarda nan take. "Kayan ɗana in ajiye shi tsirara a fili kamar takalmi? Ƙura fa? Idon mutane fa?" Kwana uku muna kai ruwa rana. A ƙarshe ta ce a fito da shi sau ɗaya tak, ran Lahadi, kuma a kan kujerar baƙi, da kyalle mai tsabta a ƙarƙashi. Na juyo fankar ɗakinta na saita masa.

Ta yi wanka, ta sa baƙar rigar. Da fuskarsa ta fito ya ce, "Inna!" ita kuwa ta amsa a taƙaice, ta shiga tsarinta. Rasuwa biyu, haihuwa ɗaya. Agwagi. Maƙwabta. Ina kallon agogo, minti ashirin suka wuce, ashirin da biyar. Ta gyara mayafi.

"To, Ragab, ɗana..."

Ta tsaya tana jira. Fanka na juyawa, inji na ta gurnaninsa, Yaya Ragab yana nan yana kallonta. Ta waiwayo ta dube ni, kamar wadda ta jingina da ƙofa aka buɗe ba zato.

"Yaushe za ka dawo?"

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Akwai farin siminti a gefen farcensa.

"Inna, ba ni da takardu. In na fito, ba zan iya komawa ba, shekara shida sun tafi a banza. An ce za a buɗe rajistar marasa takardu, zan sa suna. Shekara biyu. Wataƙila uku. Ban sani ba, wallahi ban sani ba." Ya sunkuyar da kai. "Ba ni nake kashewa ba, Inna. Amma ba zan ɓoye miki ba, duk ranar da ta mutu sai in ji sanyi a raina, don ban san me zan ce miki ba."

Shekara huɗu aka yi, ba biyu ba, na rubuta ranar da ya sauka. Amma a wannan Lahadin ba wanda ya san haka. Gwaggo ta daɗe tana kallon idonsa, ba ta yi kuka ba. Daga baya ta matso da kujera.

"Ka rame. Me ka ci yau?"

"Burodi da shayi."

"Burodi da shayi! Wa ya haife ka? Tashi ka ɗora tukunya ina gani."

Ya juya kyamararsa, muka ga ɗakin: gadaje shida, kaya a rataye a igiya, ɗan risho a kusurwa. Ya ɗora adas, ɗan mitsitsin waken nan, tana ba shi umarni daga nan. Ruwan ya yi yawa. Rage wuta. Albasar nan ka yanka ta ne ko ka fasa ta da guduma? Wani abokin zamansa ya leƙo ya ce, "Ki ƙara masa, Hajiya, mu muke shan wahalar girkinsa," ta ce shi ma ya je ya aske gemun nan.

Har aka kira magariba suna nan. Hira ta ƙare, adas ya nuna, ba wanda ya motsa. Tun watan Mayu ba su yi sallama ba, inji ke yi musu.

"To, Inna, lokacin salla ya yi muku."

"Ya yi. Kashe mana."

"A'a, ke ki kashe."

Na miƙa hannu, ta riƙe mini wuyan hannu. "Bar shi ya ci abincinsa." Ta dafa gwiwa ta tashi da ƙyar, ta nufi wajen alwala. Ni na zauna ina gadin allo, shi kuma yana can gefen gadonsa da kwano a cinya, yana hura cokali.