Mai Ɗingishin da Kowa Ke Bari a Gada

Abubuwa da yawa na shekarar gudun hijira sun fara dusashewa a kaina, amma ranar da na tsallaka kogi zuwa Sangere don in ji ra'ayin 'yan gem, wannan kam tana nan har in koma ga Allah. Ni da ko karta ban iya ba, sai ga ni a tsakiyar samari ina neman fatawa a kan wani wasan kwamfuta na mutanen Japan.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Jimeta, muna zaune a Luggere da Baba da Dada, mahaifiyarmu. Ƙanena yana karatu a Mubi sa'ad da garin ya faɗa hannun 'yan ta'addan nan. Muka yi kwanaki ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi wata la'asar ya shigo da ƙafafu a kumbure, da rigar da ba tasa ba. Muka yi kuka, muka yi hamdala, Dada ta ɗora ruwan zafi ta gasa masa ƙafa. Muka ɗauka an gama, ashe jikin ne kaɗai ya iso gida.

Mutumin da a da sai an ce masa ya yi shiru a ji labarai a rediyo, ya koma ba ya wuce "to" da "a'a". In ya ɗauki kofi, hannunsa na rawa har shayi ya zuba. Wata rana wata mata 'yar Michika ta yi sallama, ta ce ita ce mahaifiyar abokin ɗakinsa a makaranta. An faɗa mata tare suka fito daga gari, ita kuma har yau ba ta ga ɗanta ba. Ƙanena na jin muryarta ya shige ɗaki ya datse ƙofa. Dada ta ba matar ruwa, ta yi ta ba ta haƙuri. Matar ta gaya mana gidan 'yan uwanta da ta sauka, ta tafi tana waiwayen ƙofar nan.

Abu ɗaya ne ya rage masa, shi ne kwamfutata da nake buga jarrabawar ɗalibai da ita. Tun wani hutu ya zuba wani gem a ciki, ban ma sani ba. Da an kawo wuta sai ya rungume ta ya shige ɗaki, mu kuma daga tsakar gida muna jin ƙarar takubba da ihu da rurin gobara.

Baba ya jure har ya gaji. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Mutum ya gudo daga kisa, ya zo gida yana kallon kisa? Ke ce 'yar boko, na'urar kuma taki ce. Ki bincika min. In abin nan ne ke ƙara masa ciwo, ranar Juma'a ki karɓe kayanki, ni kuma in kai shi Mbamoi wurin bappanku ya yi girbi, ko ya dawo hayyacinsa."

Gaskiya raina ya rabu biyu. Maganar Baba tana kan hanya. Amma ni na lura da wani abu da bai lura ba: lokacin da yaron nan ke kan kwamfuta ne kawai hannunsa ba ya rawa. Na ji tsoron in raba shi da ita ya ƙarasa tafiya inda ba za mu iya kamo shi ba, na kuma ji tsoron in bar masa ita ta zama ita ke cinye shi.

Wani abokin aikina ne ya ce in je Sangere, akwai shagon da ɗaliban jami'a ke taruwa suna gem, babu abin da ba su sani ba. Na hau keke napep, aka sauke mu a shingen sojoji, muka taka da ƙafa, muka sake hawa. Shagon ɗan ɗaki ne mai warin fetur da zufa. Ina shiga da hijabina aka yi tsit, kowa ya zaci uwar wani ce ta zo kama ɗanta.

Na gaishe su, na nuna musu hoton gem ɗin da na ɗauka a waya, na ce, "Don Allah wannan abin, mai kyau ne ko marar kyau?"

Da na san abin da tambayar nan za ta jawo, da na sake mata tsari.

Wani siriri mai tabarau ya miƙe har da dafa ƙirji. "Anti, wannan shi ne baban gem. Mutanen Japan sun zauna sun yi aiki. Labarin kawai zai sa ki kuka."

Wani ƙato da ke gefe ya ja tsaki. Daga Hausarsa na gane ɗan kudancin jiha ne. "Abeg, kar ka ruɗe Anti. A na'uran talabijin ne yana da kyau. Wanda sun juye a kwamfuta, shara ne. Sun yi shi da gaggawa kawai."

Na ce, "To, yana da illa ke nan?"

"Sosai ma," in ji ƙaton. Gabana ya faɗi. "In kwamfutan ba shi da ƙarfi, zai yi zafi har ya mutu da kansa."

Na ce ba kwamfutar nake nufi ba, mutum nake nufi, ko yana taɓa masa kai. Mai tabarau ya yi dariya ya ce ai dole, shi akwai wani dodo a ciki da ya hana shi karatu sati guda, har ya kusa jifa da kujera. Na ce to ai marar kyau ne ke nan. Ya ce a'a, ai daɗin ke nan.

Daga nan suka manta da ni. Wannan ya ce hoton yana sarƙewa, wancan ya ce kwamfutarka ce ta tsufa. Wannan ya ce gem ɗin yana ce maka danna maɓalli kaza, alhali babu maɓallin a kwamfuta, na na'urar talabijin ne suka bari ba su canza ba. Wancan ya ce mai so ba ya rasa dabara. Ƙaton ya ɗaga murya ya ce, "Ko tafiya a hankali ba ka iyawa da kibod na kwamfuta. Ka danna, gudu. Ka sake, tsayuwa. Shi ya sa wannan mai ɗingishi da fitila, kowa a gada yana barin shi." Mai tabarau ya ce, "To a bar shi mana, me yake tsinana wa mutum? Gem ɗin ai yana ci gaba ba shi."

Mai shagon ya ga na yi zuru, ya tausaya min, ya buɗe waya ya nuna min inda 'yan wasa na ƙasashen duniya ke rubuta ra'ayinsu. Nan ma rigimar ce. Wani ya yabe shi har sama, na ƙasa da shi ya zage shi tas. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wanda ya fi kowa zagi, a gefen sunansa an nuna ya fi kowa daɗewa yana yi. Na ce da mai shagon, "Wannan son abin yake ko ƙinsa?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Duka biyu, Malama."

Na fito kaina ya yi nauyi. A keke ina ta masifa a zuci, na ce ni dai yau na ga ta kaina, na zo da tambaya ɗaya an cika min jaka da amsoshin da ba nawa ba. Me zan ce da Baba? In ce masa abin yana da kyau a talabijin amma ba shi da kyau a kwamfuta? Ai sai ya haɗa mu mu biyu ya kai Mbamoi.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta da azahar na tarar an kawo wuta. Na tsaya a ƙofar ɗakin ƙanena, na ce a raina tunda masana sun kasa, bari jahila ta gani da idonta. Na shiga na zauna a bakin katifa. Bai kore ni ba, bai kuma kalle ni ba.

Na zaci zan ga yanka da jini. Abin da na gani daban ne. Wani gari ne ke ci da wuta a baya, ga wani jarumi da takobi, shi ne ƙanena ke tuƙawa, ga kuma wani mutum yana biye da shi yana jan ƙafa ɗaya, da fitila a hannu. A gabansu gadar katako ce doguwa. Ƙanena ya danna, jarumin ya zura da gudu. Ya sake, ya tsaya cak. Ya danna kaɗan, ya sake, ya danna kaɗan, ya sake, yana ta ƙoƙarin kada ya yi nisa. Duk da haka suna kaiwa tsakiya sai mai fitilar ya maƙale jikin wani ginshiƙi, yana ta taka ƙafa a wuri ɗaya ba ya gaba. Wuta ta cimma gadar, ta karye da shi. Jarumin yana tsallake lafiya lau, hanya a buɗe a gabansa.

Ƙanena bai bi hanyar ba. Ya kashe, ya dawo da wasan baya, ya sake farawa daga bakin gada. Haka ya yi ta yi har na daina lissafi.

Na ce, "Tun yaushe kake wurin nan?"

Ya ce, "Tun da na dawo."

Maganar ƙaton nan ta dawo min, wadda na ɗauka surutun banza ce. Ban tsaya cin abinci ba, na sake hawa keke sai Sangere. Na samu ƙaton a inda na bar shi, na ce, "Mai ɗingishin nan, ana iya tsallakar da shi?" Ya ce ana iyawa, amma sai da abin riƙewa na na'urar talabijin da suke kira fad, wanda ke da ɗan sanda da ake turawa da babban yatsa. In ka tura kaɗan, jarumin zai taka a hankali, mutumin kuma ba zai maƙale ba. Ya tambaye ni wa ke son tsallakar da shi. Na ce ƙanena ne, daga Mubi ya dawo. Ƙaton ya zare nasa daga jaka, ya naɗe igiyar ya miƙo min. Ya ce, "Anti, ki kai masa. Duk ranan da ya gama, ya kawo."

Washegari da la'asar ƙanena ya jona shi. Ina zaune a wurina na jiya. Ya tura sandan nan kaɗan, sai ga jarumin yana takawa sannu-sannu, kafaɗa da kafaɗa da mai fitila. Wutar na matsowa a bayansu, ni da ban san komai ba har na ce, "Ka yi sauri mana." Bai saurare ni ba. Suka wuce ginshiƙin, suka sauka a ɗaya tsallaken su biyu. Mai fitilar ya rusuna, ya faɗi wata magana da ban ji ba, ya zauna a kan dutse. Shi ke nan, ko kyauta ba a ba da ba.

Ƙanena ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Na shiga zullumi, na ce ko na yi ɓarna ne, na nuna masa da ya rage gudu da an tsira tare. Can ya ce da ni, "Adda, a can babu wannan. Ko ka yi gudu, ko ka tsaya."

Daga nan maganar ta ɓalle. Ya ce da silifas abokin ɗakin nasa ya fito, kututturen dawa ya huda masa ƙafa a wata gona. Ya goya shi har ƙarfinsa ya ƙare, suka ci gaba yana jingine da shi. A bakin wani rafi aka buɗe wuta daga bayansu, kowa ya watse, shi ma ya ruga. Da ya waiwaya daga tsallake bai gan shi ba. Yana faɗa yana kuka, ina kuka. Da na juya sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya koma inda ya fito. Maganar Mbamoi ba ta sake tashi ba.

Ranar Juma'ar da aka sa za a karɓe kwamfuta, bayan an sauko daga masallaci, ƙanena ya sa takalmi ya ce, "Adda, ki raka ni wurin maman abokina." Muka je. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata sunan ƙauyen da rafin da inda ya gan shi na ƙarshe. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce, "Ɗana, ka goya shi?" Ya ce ya goya shi. Ta ce, "To Allah ya goya ka." Har yau ba a ji labarin ɗan nata ba, amma duk Kirsimeti sai ta aiko mana da cincin.

In ka tambaye ni yanzu gem ɗin nan mai kyau ne ko marar kyau, wallahi ban sani ba, ina nan inda 'yan Sangere suka bar ni. Abin da na koya kawai shi ne, in naka ya maƙale a wuri ɗaya yana maimaita abin da ba ka gane ba, kafin ka tsallaka kogi neman ra'ayin jama'a, fara shiga ɗakin ka zauna kusa da shi ka ga abin da yake ƙoƙarin yi.