Fankar da Ba Ta Tsallaka Iyaka Ba

Wata Lahadi ce a bazarar 1977, rana ta take, kasuwar Jibiya ta cika ta batse, ni kuwa ina bayan keken babana na rungume kwalin sabulu kamar jariri. A cikin kwalin akwai fankar da na haɗa da hannuna. Za mu tsallaka Nijar ne mu kai wa kakata, Iya Abu, wadda ciwon ƙirji ya kwantar a ƙauyensu. In zafi ya tsananta numfashinta sarƙewa yake yi, sai a yi ta yi mata fifita har hannu ya sage.

Lokacin unguwarmu ba ta san lantarki ba, ko da yake kullum rediyo na cewa ƙasa ta yi arzikin mai, manyan motoci na wuce mu da siminti da sababbin babura. Malam Lawal, malaminmu na aji biyar, shi ya fara nuna mana yadda wuta take aiki. Ya zo da batir da ƙwan tocila da guntayen waya, ya ce, "Wuta kan fita ta kan batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwan, ta komo ta gindinsa. In hanyar ta yanke a ko'ina, komai ya tsaya." Ya sa muka gwada da cokali, ƙwan ya kama, muka sa kara, shiru, muka sa roba, shiru. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Da na gama surfe da ɗibar ruwa, na zuba wa awaki harawa, ƙawayena na gaɗa a dandali, ni ina bayan rumbu ina fama da waya. Wani mai gyaran rediyo ya ba ni ɗan injin da ke juya kaset. Na yanka fukafukai daga gwangwanin madara har ya tsaga mini yatsa, na jera batura kai da gindi don ƙarfinsu ya haɗu, na ɗaure su da robar tayar keke, na yi makunni da ƙusa. Da farko baya take hura iska. Na yi kuka na gaji, sannan na musanya wayoyin biyu, sai iska mai sanyi ta bugi fuskata.

A shingen kan iyaka da ke wajen Magama wani mai kaki ya tsayar da mu. Yana kishingiɗe a gindin bishiyar bedi, rediyonsa na shaƙewa don batir ya yi sanyi. Ya ce, "Ke, mi ke cikin kwalin nan?" Da murnata na buɗe, na taɓa waya da ƙusa, fanka ta hau juyi. Na zaci zai yi mamaki. Ko kallonta bai yi ba, baturan ya gani. Ya miƙe ya fizge su, wayoyin suka tsinke, ya zura su a rediyonsa, kiɗa ya tashi. Fankar ta faɗi, da ya juya ya bi ta kanta da takalmi. Na ce, "Ta kakata ce, ba ta da lafiya!" Ya ce, "Malam, ja wa 'yarka kunne." Babana, wanda kowane mako sai ya bi ta shingen nan da buhunan wakensa, ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Wannan haƙurin da ya bayar ya fi takalmin ƙona mini rai. Mu aka zalunta, mu kuma muka roƙi gafara.

Na isa wurin Iya da lanƙwasasshen gwangwani. Ta jujjuya shi a hannunta ta ce, "Allah shi yi miki albarka, 'yar nan." Na wuni ina yi mata fifita da mafici, hawaye na zuba. Kafin na sake samun wani injin, ta rasu.

Yau rufin gidajen Jibiya cike yake da farantai masu zuƙar hasken rana, jikokina na kwana da fankar caji ba su ma san da ita ba. Ina taya su murna, amma nakan tuna ɗakin Iya da zafinsa. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, wannan kam har yanzu ban iya ba.